Alfadarar da Ta Auna Ƙasar Chile

Puerto Montt, farkon Oktoba

Kompadre Hermógenes, uban baftismar 'yata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka komadre Uberlinda da karnuka, da tumakina da na jibga maka daidai lokacin haihuwarsu, lokacin da mai hankali ba ya barin gida. Allah ya saka maka, don ni ka san ba ni da abin saka maka sai surutu.

Jiya muka sauka daga jirgin fito. A-kori-kurata ta yi abin kirki, sau biyu kawai ta mutu daga Cochrane zuwa bakin teku, kuma duk a gangare, inda turi ba wuya. A cikin jirgin Orfelina ta amayar da duk abin da ta ci tun ranar aurenmu. Ƙaramar 'yarmu, Ercilia, ta yi ta barci a kan buhun kilishi. Ni kuwa, da yake ni ne shugaban makaranta, ni ne mataimakinsa, ni ne mai share aji, na tsaya a saman jirgi da babbar 'yarmu Zunilda muna darasi. Makarantarmu ba ta hutu. Aji ɗaya gare ta, mai ƙafa huɗu, yana shan mai.

Na tafi ban yi maka cikakken bayani ba, to ga shi. Ka san Clotilde, yayar Orfelina da ke Santiago, wadda ke rubuta wasiƙa kamar alƙali yana yanke hukunci. Shekara da shekaru tana cewa muna kashe yaran nan a daji. Bana sai ta sa sunan Zunilda a jarrabawar da hukuma ke yi wa yaran da ke karatu a gida, a wata makaranta kusa da gidanta. Ta ce yarinya ta kai sha huɗu, a auna ta a gani. Ni kuma bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na aika mata cewa a auna. In ta ci, mu dawo da ita kwarinmu, Clotilde ta ɗinke bakinta har abada. In ta faɗi, in bar mata ita ta sa ta a makarantar birni. Orfelina ta dube ni irin kallon da take yi wa rago ana wasa wuƙa, ta ce, "Tsoho, 'yarka fa ka sa a caca, ba doki ba."

Na ce, "Tsohuwa, wanda ya san dokinsa ba caca yake yi ba."

Kada ka yi min dariya. Na san aji uku na yi a makarantar kwana ta Cochrane, na ukun ma ta taga na fita daga cikinsa, kai ka tare ni a ƙasa. Tun ranar na rantse ɗan da na haifa ba zai kwana a ɗakin nan yana kuka cikin bargo ba. Shi ya sa muka raba aiki. Orfelina ta ɗauki lissafi da karatu da rubutu, ni na ɗauki tarihi da labarin ƙasa da duk abin da ba a ƙirga shi da yatsa. Littattafan da Clotilde ke aikowa ina bin su sau da ƙafa, amma ka san halin littafi, zai gaya maka abu ya faru, ba zai gaya maka dalili ba. 'Yar baftismarka kuwa ba ta da wata magana sai "me ya sa". Malami kuma ba ya cewa bai sani ba. To sai in cike gurbin da abin da Allah ya hore min.

Ko shekaranjiya a jirgi, mun shimfiɗa taswira, Ercilia ta ce, "Baba, me ya sa ƙasarmu ta yi tsawo kamar igiyar shanya?" Kafin in buɗe baki Zunilda ta ba ta amsa tiryan-tiryan, yadda na koya mata tun tana ƙarama. Wai mutumin da sarkin Spain ya aiko ya auna ƙasar, alfadara ya hau mai suna Filomena, wadda ba ta juyawa dama ko hagu ko kashe ta za a yi. Haka ta miƙe da shi kudu har ƙasa ta ƙare, shi kuma iya abin da sandarsa ta taɓo ta kowane gefe ya rubuta. Wani direban babbar mota da ke kusa da mu har ya ƙware da maté, shayin ganyen nan namu. Ya ce, "Yarinyar nan taku ta iya." Na ce, "Gado ne."

Za mu tafi a hankali, muna tsayawa gari-gari muna darasi. Ka aiko amsa gidan Clotilde. Tunkiyar nan mai baƙin kunne tana ƙin ɗanta duk shekara, ka ɗaure ta har ya sha.

Naka har kullum,
Abelardo Mansilla, shehin malamin kwarin Maitén

*

Kwarin Maitén, tsakiyar Oktoba

Kompadre Abelardo,

Ina gaishe ka, ina gaida komadre Orfelina da yara. Uberlinda ce ta karanta min takardarka, ita ce kuma ke rubuta wannan, don idona ya gaji da sawun kajin da kake kira rubutu.

Tumaki lafiya. Puma, zakanyar dutsen nan, ta ɗauki biyu, duk naka, ta san nawa ba su da daɗi. Mai baƙin kunne na ɗaure ta. Ruwa ake yi tun da ka tafi. Shekaranjiya na tarar da kifaye biyu a bakin murhu suna jin ɗumi, na miƙa musu maté, ɗaya ya ce ya huce.

Wannan ta bakin wuta ce. Ga wadda ba ta bakin wuta ba.

Mu in mun zauna bayan askin tumaki, ka shirga ƙaryarka, in ce haka ne, in shirga wadda ta fi ta. Mai faɗi ba ya murmushi, mai ji ba ya ƙaryatawa. Mun san wasan ne don muna yara mun ga manya suna ƙifta wa juna ido. Zunilda wa ta gani yana ƙifta ido? Daga kai sai uwarta sai duwatsu. Kuma da muryar da kake yin ta bakin wuta, da ita kake buɗe littafi. Bara lokacin aski na lura da ita. Kana zuba, duk muna cije leɓe, ita tana gyaɗa kai kamar a coci. Direban nan ya ɗauka wasa take yi. Ba wasa take yi ba.

Ka zaunar da ita kafin ranar. Maganar caca ba zan ce komai ba, komadre ta riga ta faɗa.

Ka shafa min kan 'yata.

Hermógenes Barría

*

Santiago, farkon Nuwamba

Kompadre,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da komadre. Wasiƙarka ta same mu. Kifayen nan naka na san su, bara sun zo gidana, ɗaya ya ari bargo har yau bai dawo da shi ba.

Mun iso birni. An tara mutane kamar tumaki a shingen aski, sai dai ba wanda ya san ina mai askin yake. Ranar shigowarmu na faɗa wani shataletale, na yi ta zagaye har ɗan sandan wurin ya fara ɗaga min hannu kamar ɗan uwansa. Washegari muka shiga jirgin da ke bin ƙarƙashin ƙasa. Na cire hula na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina gaisarwa, yadda aka yi mana tarbiyya. Wata mata ta rungume jakarta, wani ya ɗauka wa'azi zan fara ya canja kujera. Ercilia ta dubi fuskokin nan duk shiru, ta ja min riga ta ce, "Baba, wa ya rasu?"

Darasi yana tafiya. Mun je gidan tarihi, mun je gidan namun daji, inda muka ga wata puma a keji ta yi ƙiba kamar matar gwamna. Na gaya mata 'yar uwarta ta ci min tumaki biyu, ko ta kalle ni. Amma Zunilda ba gine-gine take kallo ba. 'Yan mata take kallo, masu kayan makaranta, suna tafe garke-garke suna dariya. Ta tambayi uwarta me suke yi wa dariya. Uwar ta ce ba komai, haka 'yan mata ke yi. Ta ce, "Ba komai kuma har ana yi masa dariya?"

Gidan Clotilde a bene yake, ɗaki uku, ko wurin ɗaure kare babu. Tana da 'ya, Maritza, ta girmi Zunilda da shekara ɗaya, bakinta ba ya rufuwa. Ran Lahadi muna cin abinci, Maritza ta ce, "Zuni, wai da gaske iskar wajenku tana kayar da doki?"

Zunilda ta ajiye cokali ta ce, "Tana kayarwa. Kuma kullum gabas take nufa, saboda mutanen Ajantina da ke bayan duwatsu suna jan numfashi kafin su cika baki."

Maritza ta yi dariya har miya ta fito mata ta hanci. Ta ce, "Ke muguwa ce, wallahi sai na kai wa 'yan ajinmu wannan." Zunilda ta yi murmushi ta waiwayo ni, kamar wadda aka yi wa kyauta ba ta san dalili ba. Clotilde ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abelardo, wannan a wane littafi yake?"

Na ce, "A wanda ba a riga an buga ba, Doña Clotilde."

Orfelina ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur, har yanzu ɗingishi nake.

Kada ka ce ban ji maganarka ba. Jiya da la'asar na ɗauki Zunilda mu biyu muka hau tudun nan mai mutum-mutumin Maryamu, inda ake hango birnin duka, ko in ce ake hango hayaƙin da ya rufe shi. Muka zauna. Na yi gyaran murya na ce, "Zuni, akwai wasu abubuwa cikin waɗanda na koya miki."

Ta juyo da idanun nan nata ta ce, "Wanne na manta, Baba? Faɗa min in maimaita."

Kompadre, ka taɓa ɗaga wuƙa a kan ɗan rago ya lashi hannunka? Na ce, "Ba ki manta komai ba. Cewa zan yi, kin ga hayaƙin can? Mutanen gwamnati ne ke ƙona alkawuran bara don su sami wurin ajiye na bana." Ta dubi hayaƙin, ta gyaɗa kai, ta adana.

Na san abin da za ka ce. Amma jibi ne jarrabawa. In na fara tsince mata tsakuwa daga cikin shinkafa yanzu, da me za ta shiga? Kuma ni kaina, in za a yanka ni, ba zan iya nuna maka daidai inda littafi ya tsaya na ɗora ba. Malaman birni ba za su tambayi iska ba. Sunayen koguna za su tambaya da shekarun yaƙi, waɗannan kuwa ta haddace su kamar addu'a.

Ka sa komadre ta kunna mana kyandir.

Naka,
Abelardo, mai ɗingishi

*

Santiago, Nuwamba

Kompadre,

Ina gaishe ku duka. Ka zauna kafin komadre ta ci gaba da karantawa. Labari biyu ne, mai daɗin kuma shi ne marar daɗin.

Da safe aka yi ta rubutu, da rana ta baka. Malamai uku ne a cikin aji, yaro ya shiga shi kaɗai, mu iyaye muna kan benci a baranda. Ana zafi, sai suka bar ƙofa a buɗe, duk abin da aka faɗa muna ji. Zunilda ta shiga da kitson da uwarta ta yi mata. Suka tambayi koguna, ta jero su. Suka tambayi shekarun yaƙi, ta zuba. Na fara kumbura a kan benci kamar tunkiyar da ta ci ɗanyen haki. Sai wani saurayin malami ya ce, "To gaya mana, me ya sa ƙasarmu ta zama doguwa siririya?"

Na yi tari, na sake tari. Ba ta ji ba. Ta ba su Filomena tun daga kunne har wutsiya, kuma ta ba su da kyau, har da inda nake tsayawa in ja numfashi. Malaman suka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, da ita ce da na shiga na fasa wa wani baki na huta. Daɗi suka ji. Wata malama tana share hawaye ta ce, "Maimaita min sunan alfadarar." Zunilda ta ce, "Filomena, Malama." Dariya ta fito har baranda. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, "'Yar wa ce wannan?" Ni da ban taɓa rasa amsa ba a duniya, na duƙa ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Da suka lafa, saurayin ya ce, "Madalla. Mun ji ta wasa, yanzu ba mu ta gaske."

Sannan na ji muryarta, ta ƙanƙance. Ta ce, "Ita ce ta gaske. Babana ne ya koya min."

Babbar cikin malaman ta ce a hankali, "Duwatsu ne ta gabas, 'yata, teku ta yamma." Zunilda ta ce, "Wannan ma na sani. Na ɗauka bayan alfadarar ta wuce ne aka sa su iyaka." Ba wanda ya sake yin dariya. Ta fito ta wuce ni ta kama hannun uwarta.

Ga mai daɗin. Sakamako ya fito, ta ci. A lissafi ba wanda ya kamo ta, a nawa fannin ma ta tsallake, da ƙyar dai, kamar doki a kogin bazara. Clotilde ta tsaya a tsakiyar falonta ta ce, "Alkawari kaya ne, Abelardo. Ka ci. Ɗauki 'yarka, ba za ka ƙara jin bakina ba." Na fita na sayo giya da kek. Na dawo ba Zunilda a gidan. A bayan a-kori-kura na same ta, a bakin titi, tana zaune a kan tayar safaya. Na hau na zauna a gefenta da kek a hannu kamar wawa.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Iskar Ajantina?"

Na ce, "Wasa ne."

"Hayaƙin alkawura?"

"Wasa."

"Kakana da ya ratso duwatsu da tumaki, ya kwana a cikin gawar saniya don sanyi?"

"Wannan rabi da rabi."

"Wane rabin?"

Haka ta yi ta jero su, wasu ma na manta na taɓa faɗa. Can ta ce, "Ranar da za a haife ni. Ka ce kogi ya cika, ka ɗora Mama a kan doki ka ratsa da ita ruwa har wuya, don ka kai ta wurin ungozoma."

Na ce, "Wannan gaskiya ce, Zuni. Tambayi uwarki. Tambayi uban baftismarki, shi ya riƙe igiya a ɗaya gaɓar."

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "Da wannan fuskar ka faɗa min ta Filomena."

Wace fuska kuma zan ba ta? Ita kaɗai gare ni.

Ta ce, "Masu aski, da Kawu Hermógenes, da Mama, duk sun san wasa ne?"

Na ce, "Kowa ya sani."

"Sai ni."

Na ce ai ba komai, yanzu ta sani, in mun koma gida sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ware. Ta ce, "Ba zan koma ba, Baba."

Na ce, "Ai kin ci."

Ta ce, "Kai ka ci."

Ta sauka ta shige gida. Kek ɗin na ba wani kare, shi ma sai da ya shinshina sau biyu.

Ba a gama magana ba tukuna. Ni ne ubanta, kuma alkawari yana gefena. Ka fara gyara shingen aski, muna tafe mu huɗu.

Abelardo

*

Osorno, ƙarshen Nuwamba

Kompadre,

Gaisuwa. Mota ta lalace a nan, ana jiran wani ƙarfe daga Puerto Montt, shi ya sa na sami zama. Mu uku ne.

Na yi taurin kai iya ƙarfina, har Filomena sai ta sara min. Na ce wa kowa ya haɗa kaya. Orfelina ta haɗa nata da na Ercilia, ta zauna a bakin gado ta ce, "Tsoho, kana iya ɗaukarta ka sa a mota, ba ta da nauyi. Amma kai za ka zauna da ita a tebur ka buɗe littafi, ba ni ba."

Na ce zan gwada tun a nan. Na buɗe littafin tarihi a teburin Clotilde, na karanta mata shafi guda kalma da kalma, ban ƙara ko gishiri ba. Ta saurara da ladabi. Da na gama ta ce in miƙo littafin, ta bi da yatsa ta duba. Da safe na ce mata shayinta ya huce, sai da ta taɓa kofin. Ba don ta ƙuntata min take yi ba, hannunta ne ke tafiya da kansa. A nan na san makaranta ta tashi.

Clotilde ba ta yi min gori ba, kompadre. Da ta yi, da na sami wanda zan tsana a hanya, tafiyar ta yi sauri. Sai ma ta cika mana kwando da burodi da dafaffen ƙwai, ta ce, "Yarinyar tana da kai, kuma ba daga iska ta samo shi ba." Na rasa ko yabo ne ko ta'aziyya.

A bakin mota Zunilda ta rungume uwarta, ta rungume ƙanwarta, ni kuma ta miƙo min hannu kamar baƙon da ya zo sayen ulu. Na ce, "Ki kula da jirgin ƙarƙashin ƙasan nan, an ce in mutum ya yi barci a ciki." Ta ce, "Baba, bari." Na bari.

Shekaranjiya muna tsallaka wata doguwar gada, Ercilia ta ce, "Baba, me ya sa kogin nan ya fi namu faɗi?" Na ce, "Ban sani ba." Ka ji, na iya faɗa ashe, ba ya ma ciwo a baki. Ta ce, "To faɗi irin ta Filomena mana, yanzu na san wasa ne." Na lalubi cikina ban sami ko ɗaya ba. Orfelina tana kallon taga har muka shiga gari.

Wata alfarma nake nema. Ka sa komadre ta rubuta wa Zunilda maganar kogin nan, yadda ka gani da idonka. Ka bar kifaye a gida.

Sai mun iso.

Abelardo

*

Santiago, Janairu

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, kai da Mama da Ercilia, kuma aski ya tafi daidai. Ni lafiya lau nake. Inna Clotilde da Maritza suna gaishe ku.

An ba ni gurbi, zan fara a watan Maris. An auna min kayan makaranta. Kullum da safe ina zuwa ɗakin karatu na unguwa, ina bin abubuwan da na sani ina dubawa. Da yawa daidai ne. Na ga ya kamata in gaya maka wannan.

Kawu Hermógenes ya aiko min da wasiƙa game da kogi. Ka gode masa.

Ga dalilin rubutuna. Ercilia ta cika takwas. Akwai gado a ɗakinmu, Inna ta yarda, makarantar ƙanana kuma tana kan hanyar tamu, ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta. Ba makarantar kwana ba ce, ba za ta yi kuka ita kaɗai ba. Ba na so ta kai sha huɗu ba ta san kowa ba sai mu. Na rubuta wa Mama tun kafin Kirsimeti, ta ce ita ba ta hana ba, kai ne ka rage, kuma ba za ta iya tayar maka da maganar ba.

Ba caca nake so a sake yi ba. Tambayarka nake yi. In za ka amsa, don Allah ka amsa min ba da wasa ba.

'Yarka mai biyayya,
Zunilda Mansilla

*

Kwarin Maitén, Fabrairu

Zuni,

Ina gaishe ki, ki gaida innarki.

Ercilia za ta zo da mamanku a jirgin ƙarshen wata. Ba ta cin albasa, kuma ba ta faɗa in takalmi ya matse ta, sai an duba.

Na so in ba ki labarin gida. Na zauna na tuna duk abin da ya faru da gaske, ga shi: an gama aski, ruwa ya ɗauke, karya ta haifi huɗu.

Na karanta takardar nan sau biyu, babu wasa a cikinta.

Allah ya tsare ku.

Babanki